Sun ɗauke mana shirin dare

Ranar Talatar da ta wuce, wajen goma saura na dare, muna shago ni da yarana uku, aiki ya taru mana sabida wani biki da za'a yi a layin bayanmu, kaftani tara da kayan yara, ga ba wuta tun la'asar sai ƙaramin janareto ke ta kuka a bakin ƙofa. Ƙaramin cikinsu wanda yake kan guga shi ne mai kula da rediyo, in goma ta kusa ba sai an gaya mishi ba, zai aje dutsen guga ya je ya ƙara murya. Ya je ya ƙara. Maimakon kiɗan nan da ake buɗe shirin da shi, wanda ko a barci na ji shi na san goma ta yi, sai muka ji wani bawan Allah yana ta zuba bayanin maganin basir da sanyin mara yana maimaita lambar waya sau uku uku. Yaron ya juyo yace, Oga ko tasha ce ta goce? Nace murɗa mu gani. Ya murɗa hagu ya murɗa dama ya dawo da ita inda take, tashar ce dai. Muka ce ƙila yau ne kawai. Laraba haka, Alhamis haka, ran Juma'a ne wani ɗan Keke da yake kawo min kaya daga kasuwar Sabon Gari yake ce min ai an saida lokacin, daga goma zuwa sha biyu duk mai maganin ya siye na wata uku.

Wallahi abin ya tsaya min a rai fiye da yadda na zata, shi yasa na zauna rubuta wannan. Ba zan kama sunan tashar ba dan ba tonon silili na zo yi ba, kuma akwai mutanen da nake ganin girmansu a wurin. Duk ɗan Zariya mai jin efem ya san irin tashar da nake nufi, tashar kasuwa mai zaman kanta, kiɗa daga safe har dare, a tsakani talla da gaishe-gaishe da ɗan labarai.

Shagona a Tudun Wada yake, ni tela ne ɗan tela, keken da nake zama a kai ma na Baba ne Allah ya jiƙanshi. Rediyon tamu ƴar ƙarama ce irin ta caji mai tocila a gefe, muna rataye ta a ƙusa saman teburin yanka, eriyarta ta karye tun bara sai muka ɗaura mata wayar wuta muka kai jikin ƙarfen taga, murfin batir kuma salatif ne ya riƙe shi. Alli da ƙurar yadi sun cika ramukan sifikar har sai an sa tsinke an sosa. An sha ce min in sayi sifika mai bulutut kaman kowa, kuma muna da ita, yaran suna kunnawa da rana, amma in dare ya yi ita wannan tsohuwar ake ɗagawa sabida abin da take kawowa babu shi a memori.

Ni da rediyo na tashi. Baba yana da wata babba mai batir uku da ya ɗinka ma riga da ragowar yadi, da asuba bayan an dawo masallaci BBC, da dare ma BBC, sauran wuni kuma Kaduna. Yana yawan ba mu labari cewa gidan rediyon Kaduna da jami'ar Ahmadu Bello shekara ɗaya aka buɗe su, 1962, duk zamanin Sardauna, shi lokacin yana saurayi yana koyon ɗinki a Sabon Gari. Ɗan Zaɓi Sonka ne na gaske, kati yake saya ya zauna ya rubuta sunayen abokanshi na Funtuwa da Gusau da Jos da kyakkyawan rubutu, ya aike ni in kai gidan waya, sannan a zauna jira sati biyu ko uku kafin a karanto. Ranar da aka karanto kuwa duk layin sai sun sani, maƙwabta su leƙo suna cewa mun ji ka Malam, mun ji ka. Akwai mutanen da ya yi shekara ashirin yana gaisawa da su ta kati kafin su haɗu ido da ido, wani ma har ɗiyarshi ya aurar wa ƙanin Baba, zumuncin nan har gobe muna yi.

A lokacin duk gidajen rediyo na gwamnati ne. Sai a 1992 zamanin Babangida aka yi dokar da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba ƴan kasuwa dama su buɗe nasu, Raypower ta fara a Legas 1994, a nan Arewa kuma Freedom ta buɗe a Kano 2003, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Wayar hannu ta shigo 2001, ita ce ta kashe kati, dan wa zai jira sati uku alhali zai iya bugawa yanzu a ji muryarshi yanzu. To mu ƴan wannan zamanin ne, mun gaji son gaisuwa daga iyayenmu sai dai mu da waya muke yi.

Abin da na fi so game da efem shi ne ba ta zuwa nesa. Wani zai ɗauka nakasu ne, ni kuma a wurina shi ne daɗinta. In na hau mota zan je Kano sayen shadda a Kantin Kwari, ina jin tashar tamu tas har mu wuce Tashar Yari, daga nan ta fara shuu shuu tana ɗaukewa tana dawowa har direba ya gaji ya canja. Da yamma in muna dawowa kuwa, da na ji ta fara shigowa raina ya kan kwanta, na san gida ya kusa. Tunda ba ta zuwa nesa dole da mu za ta yi magana. In mai gabatarwa yace akwai cunkoso a Kwangila ko tirela ta faɗi a hanyar Dan Magaji, ko ruwa ya tare hanya a wuri kaza, magana ce da ta shafi ƙafata a ranar. Kuma da bakinmu yake magana, Zazzaganci tsantsa, irin wanda abokan wasanmu Kanawa suke tsokanarmu da shi, yace motan ya lalace, rigan ya yi kyau, ba ya wani gyara harshe dan a ce ya iya. Mutum ya ji yaren gidansu na fitowa daga akwati, akwai wani abu da yake ji wanda ba zan iya kwatanta shi da kyau ba, amma duk wanda ya ji ya sani.

Shirin daren da nake magana ba wani abu ne mai wuya ba. Mutum ɗaya ne a situdiyo da layin waya biyu. Ya sa waƙa biyu ko uku, ya buɗe layi, ka bugo ka faɗi sunanka da unguwarku, ka gaida wanda zaka gaida, ka zaɓi waƙa, in yana da ita ya sa maka in babu yace ka yi haƙuri gobe. Waƙoƙin kuma gauraye ne kaman garin namu. Za'a sa na Hausa na fiyano irin na soyayya da na biki, a sa na Legas masu zafi da ɗaliban Samaru da Kongo suke so, a jefo na Indiya ɗaya dan matan gida, wani lokaci na Sudan ko jitar Nijar, in sha ɗaya da rabi ta wuce kuma sai ya sauko da tsofaffi, kalangu da kukuma da gurmi, yace wannan na iyayenmu ne da basu yi barci ba. Wani mai saida kayan gyaran mota ɗan Ibo a Sabon Gari yana bugowa kusan kullum, Hausarshi ta fi ta wasu da yawa, sai ya gama gaisuwa da Hausa sannan ya roƙi waƙar garinsu, kuma a sa mishi, ba wanda ya taɓa bugowa yace dan me.

Masu bugowar kuwa mun san su kaman ƴan gida ɗaya. Akwai wata nas da take aikin dare a asibitin Shika, ita kullum marasa lafiya take fara gaisarwa kafin mijinta. Akwai ƴan gidan burodi da suke bugowa su huɗu a waya ɗaya kowa yana ƙwace. Akwai wata Hajiya a cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana mai ɗinkin hula, tace da rediyon take ƙirga lokaci, in aka rufe shirin ita ma ta soke allura ta kwanta. Akwai maigadi a Hanwa, akwai wani makaho a Tudun Jukun da ya haddace muryar kowa, in wani ya kwana biyu bai bugo ba shi ne zai fara tambaya. Duk mutanen da basa barci da wuri ne sabida neman halak, masu shayi, teloli, direbobi, masu gadi, mata masu suyar da za'a kai talla da safe. Da rana garin na kowa ne, amma tsakanin goma da sha biyun nan sai ka ji kaman mu kaɗai ne a farke muna taya juna hira.

Bari in ba ku labarin mai shayin Kwangila dan ku gane abin da nake cewa. Dattijo ne, shi ke bugowa na farko kusan kullum, kuma gaisuwarshi ɗaya ce bata canjawa, ya gaida duk mai neman na kanshi a daren nan, ya gaida direbobin da suka kwana a hanya, sannan yace a sa mishi tsohuwa ko wacce ce. Kana jin ƙarar cokali a kofi da hon ɗin manyan motoci a bayanshi. Shekarar da ta wuce waccan, lokacin sanyi, sai aka ji shiru. Kwana uku, huɗu, sati. Makahon nan na Tudun Jukun ya bugo yace jama'a ina mai shayinmu? Mai gabatarwa yace shi ma yana ta kiran lambar a kashe. Washegari wani ɗan Keke ya bugo yace ya je wurin teburin ya tarar an kife benci, maƙwabta sun ce ciwo ya kwantar da shi, shanyewar ɓarin jiki, yana gida a Dogarawa.

A daren nan aka yi magana a iska aka sa ranar Lahadi bayan la'asar, a haɗu a ƙarƙashin gadar Kwangila a tafi tare. Na rufe shago na je. Mun kai mu talatin, kuma yawancinmu bamu taɓa ganin juna ba, sai ka ji mutum ya yi sallama ka juyo da sauri kace kai ne na gidan burodi? Ya ce ni ne, kai ne tela na Tudun Wada? Hajiyar hula bata fita, sai ta aiko ɗanta da kwanon abinci da ɗari biyar a ƙulle a leda. Nas ɗin ta zo da abin awon jini a jaka. Makahon wani yaro ne ya riƙo sandarshi, kuma shi ya riƙa gaya mana sunan kowa tun kafin mutum ya gabatar da kanshi, daga sallama kawai.

Muka same shi a zaure kwance kan tabarma an jingina mishi filo, bakin ya ɗan karkace magana bata fita sosai. A gefen kanshi rediyo ce ƙarama irin tawa. Matarshi daga bayan ƙyaure take ce mana duk dare sai an kunna mishi, in ya ji ana cigiyarshi sai hawaye. Mai gabatarwan ya durƙusa ya kama hannunshi mai lafiyan yace, Baba ga ƴaƴanka sun zo. Dattijon ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗaga yatsa yana nuna bakinshi yana nuna mu, ɗanshi yace so yake kowa ya yi magana dan ya gane shi. Haka muka yi layi kowa ya matso yace Baba sannu, ni ne wane daga wuri kaza, yadda muke faɗa a waya, shi kuma yana gyaɗa kai. Da na ce ni ne tela, ya kama bakin rigarshi ya ɗan ja yana murmushi da rabin fuska. Abin da aka tara a ranar ba wani mai yawa bane amma ya sayi magani na wani lokaci, ɗan Keken nan kuma ya ɗauki nauyin kai shi asibiti kyauta duk ranar da likita ya sa. Ya yi wata bakwai ya rasu, Allah ya gafarta mishi. Daren da aka sanar ba'a sa kiɗa ba sam, layi kawai aka buɗe mutane suna ta addu'a har sha biyu.

To wannan ne aka ɗauke aka ba mai maganin basir.

Na san akwai masu cewa to dama kiɗa ne, Allah ya raka taki gona. Kawuna yana cikinsu, malami ne a cikin birni mai almajirai, in ya zo shago karɓar ɗinki da kaina nake tashi in kashe rediyo kafin ya zauna. Ya taɓa ce min, kai yanzu da girmanka da iyalinka kana zaune kana jin waɗannan abubuwa? Nace Allah ya gafarta Malam, ba duka nake ji ba, akwai wanda in aka sa nake sa yaro ya rage. Kuma gaskiya ne, akwai waƙoƙin da ko kusa basu dace a sa ba, musamman wasu na yanzu da ba kunya a bakinsu, na sha bugawa in gaya musu. Zariya gari ne na karatu ba mai musun wannan, kuma tashar ma ta san inda take, lokacin kiran sallah ana tsaida komai, da azumi tafsiri ke cin rabin wuni, ranar da Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu a watan Satumba na 2020 bayan shekara 45 a kan sarauta karatun Alƙur'ani muka wuni ji. Ban iya jayayya da Kawu ba kuma ba zan fara ba. Abin da na sani dai yaran da ke shagona ƴan shekara sha bakwai zuwa ashirin da biyu ne, in ban bar su sun ji a rediyo a gabana inda akwai mai tacewa ba, za su sa abin kunne su ji wanda ya fi shi muni a TikTok ni ban sani ba. Kuma abin da mai maganin nan yake faɗa da ƙarfe goma, yadda yake kiran sassan jiki gatsal yana kwatanta abin da ke tsakanin miji da mata, wallahi ban taɓa jin waƙar da ta kai shi rashin kunya a tashar ba. Daren Alhamis da kaina na tashi na kashe dan ba zan iya haɗa ido da yaran ba.

Ranar Litinin na ɗau mashin na je tashar, dan bana son in yi ta magana a bayan ido. Wani matashi a ofishin talla ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera ya saurare ni har na gama. Sai yace, Alhaji tashi mu je ka gani. Ya zagaya da ni baya ya nuna min janareto babba yana ta aiki da rana tsaka, yace wannan in ya tsaya minti ɗaya mun sauka daga iska, ga na'urar watsawa tana son sanyi dole esi ya kwana a kunne, ga albashi, ga kuɗin lasisi. Ya tuna min yadda a watan Agusta na 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi sama da 50 a ƙasar nan kan bashin kuɗin sabuntawa kafin daga baya a sassauta. Ni ma ai ba baƙo bane a wannan, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 na san abin da ƙaramin janaretona yake ci, balle mai shan gas dare da rana. Yace manyan kamfanoni, na waya da na lemo da bankuna, tallarsu daga Legas ake rabawa kuma manyan tashoshin Kaduna da Kano da Abuja ake fara ba, abin da ke isowa Zariya kaɗan ne kuma sai an yi wata da watanni ana bin kuɗin. Shi kuwa mai magani da kuɗinshi a hannu yake zuwa, ya biya wata uku lakadan. Yace shirinku kowa na so, waya bata hutawa, amma shekara nawa ba wanda ya ɗau nauyinshi, shi mai gabatarwan ma rabin abin da yake samu daga ɗan tallan da ya nemo da ƙafarshi ne.

Na fahimce shi kuma ban ga ƙarya a maganarshi ba. Amma nima na gaya mishi tawa. Nace ɗan'uwa, shi mai maganin me ya saya a wurinku? Ai ba janareto ya saya ba, kunnuwanmu ya saya, ya san ƙarfe goma akwai dubban mutane da suka saba buɗe wannan tasha, kuma wa ya tara mutanen nan in ba shirin da kuka cire ba? Yanzu sati ɗaya kawai, a layinmu shago huɗu da nake jin rediyonsu da dare duk sun koma memori. In wata ukun ya cika ya ga waya bata shigowa kaman da, shi ma tafiya zai yi, ku kuma ku juyo ku tarar ba kowa. Yaran yanzu ba irinmu bane da za su zauna jira, ɗari biyu za su ba mai tura waƙa a unguwar PZ ya cika musu waya. Waƙa kam ko'ina akwai ta, ba ita ce ta riƙe mu a wurinku ba. Ni abin da ya riƙe ni, in ji an ce tela na Tudun Wada ana gaishe ka, in ji nas ta fito aiki lafiya, in ji makaho na tambayar wanda ya ɓace.

Akwai ma wani abu da na daɗe ina riƙe da shi na faɗa mishi tunda na samu dama. Babban yarona yana da aboki mai waƙa, yaro mai murya, ya tara kuɗin faci da yake yi ya shiga situdiyo a Sabon Gari ya yi waƙa ɗaya mai tsafta kan mahaifiya, muka ji a shago duk jikinmu ya yi sanyi. Ya kai tashar aka ce sai ya biya kafin a sa, kuɗin da aka faɗa ya fi abin da ya kashe wurin yin waƙar. Ya dawo da ita a waya har yau bata shiga iska ba. Amma waƙar ɗan siyasa, tunda an fara jin ƙamshin zaɓen 2027, sai a sa ta sau biyar a wuni. Nace in tashar Zariya bata sa yaron Zariya ba wa zai sa shi? Ko rabin awa a sati ku ware ma yaran gari kyauta mana, ai su da abokansu da iyayensu duk za su kunna. Ya rubuta a takarda yace zai kai gaba. Ina fata ya kai.

Kafin in fito na tambaye shi nawa ne awa ɗaya na dare in mutum zai ɗau nauyi. Ya faɗa min, kuma yace in ƙungiya ce ta masu sauraro za'a duba a rage. Kuɗin ya fi ƙarfina ni kaɗai nesa ba kusa ba, amma a hanya ina kan mashin ina ta lissafi, teloli nawa ne a Tudun Wada kaɗai, masu shayi nawa, gidan burodi nawa, masu wanki da guga nawa, kuma dukkanmu muna son a san da mu. In mutum ashirin suka haɗa, kowa a ambaci shagonshi sau ɗaya a dare, ai talla ce muka yi kuma shirinmu ya dawo ko da awa ɗaya ne daga sha biyu zuwa ɗaya kafin wa'adin mai maganin ya ƙare. Mu da muka iya adashi duk sati, wannan ba zai gagare mu ba.

Na kira mai gabatarwan a daren, yanzu an maida shi shirin safe na karanta sanarwa, muryarshi ma ta canja. Da na gaya mishi ya yi shiru sannan yace, Oga tela kana ganin mutane za su yarda? Nace ba ni lambobin da kake da su. Ya turo min sha bakwai. Na fara da makahon Tudun Jukun, ina yin sallama yace tela ne, kafin in gama bayani yace a rubuta shi na farko, dubu ɗaya duk wata daga kuɗin igiyar da yake tufkawa. Ƴan gidan burodi sun ce za su yi magana da maigidansu. Ɗan Ibon nan yace in zo shago gobe da safe in same shi. Hajiyar hula ɗanta ne ya ɗauka, na ji tana tambaya daga nesa wane ne, da ya gaya mata tace a ce min tana ciki, kuma in an dawo a fara sa mata tsohuwa dan mai shayi.

A bayan littafin awo nake rubuta sunayen, shafin ƙarshe inda Baba yake rubuta bashi. Zuwa daren jiya mun kai mutum sha ɗaya. Wanda yake so ya shiga, shagon yana nan Tudun Wada, ku tambayi masu shayin layin ina telan da ke bugo rediyo za su nuna muku, ina nan daga tara na safe har sha biyun dare in banda lokacin sallah.